Sauya memcpy da memmove kaɗai ba zai wadatar ba

Ɗan'uwa, ka ce intafiretan (manhajar da ke karanta kod tana gudanar da shi) da kake rubutawa da harshen C yana faɗuwa jifa-jifa idan aka cusa abu a tsakiyar jeri, kana tambaya ko ka mayar da kowane memcpy ya koma memmove (su biyun ayyukan C ne na kwafar memori) ka huta. Ka mayar ɗin, amma hutun da saura.

Inda kake tura abubuwan jeri gaba don samar da gurbi, can kam memmove ne ya dace, domin wurin ɗauka da wurin zubawa sun hau juna, kuma ƙa'idar C ba ta lamunce wa memcpy hakan ba. A 2010, da memcpy na glibc (tarin ayyukan C na Linux) ya koma kwafa daga baya a wasu na'urori, sautin Flash Player ya lalace a Linux saboda wannan kuskuren.

Abin da ya fi tayar min da hankali a intafireta daban ne, na kuma sha cin karo da shi. Ka duba tsawon jeri, ka ga 10. Sai ka kira aikin da mai amfani ya rubuta don ya ba ka lambar gurbi, irin __index__ na Python. Aikin nan ya share jerin kaf, aka saki memorin. Kai kuma ka dawo da tsohon 10 ɗinka da tsohon manuni (adireshin abu a memori), ka hau kwafa a filin da ba naka ba. Nan memmove ba ya da abin da zai yi maka. Ka bari duk kod ɗin mai amfani ya gama gudana, sannan ka sake karanta tsawo da manuni dab da kwafar, kada komai ya shiga tsakani.

Idan kuma kana ƙirga masu riƙe da kowane abu kamar CPython, babban intafiretan Python, kwafar manuni ba ta ƙara ƙirgen. Jeri biyu za su riƙe abu guda, na farko ya sake shi, na biyu ya ci gaba da taɓa gawa. Shi ya sa masu CPython suke bin abubuwan ɗaya bayan ɗaya da Py_INCREF, mai ƙara ƙirgen. Hatta a[1:3] = a, wato cusa jeri a cikin kansa, sun ware masa hanya, sai an kwafe jerin gefe tukuna.

Ka kuma yi hattara wajen ninka adadi da girman abu kafin malloc (aikin neman memori), lissafin kan cika ya zube ya dawo ƙarami.

Yau ɗin nan ka haɗa intafiretan da -fsanitize=address, zaɓin da ke kama kurakuran memori, ka rubuta gwajin da ke share jeri ana tsakar cusawa, ka turo mana abin da ya fito mu duba tare.