Rubuta Sinanci a tagar umarni ba tare da zaɓen harafi ɗaya-ɗaya ba

Tambaya: Malam, ina koyon Sinanci, kuma ina aiki a tagar umarni ta Linux, amma duk gaɓar da na buga sai na tsaya zaɓen harafinta. Yaya zan saita kwamfutar ta karɓi kalma ko jimla gaba ɗaya?

Amsa: Matsalar ta samo asali ne daga yanayin harshen, domin gaɓa ɗaya ta Sinanci kamar "shi" tana da haruffa masu yawan gaske da ake furtawa iri ɗaya, manhaja kuwa ba ta iya tantance wanda kake nufi sai ta ga gaɓoɓin da ke kusa. Shawarata ita ce ka saka Fcitx5, wato manhajar shigar da rubutu, tare da fcitx5-chinese-addons, ka zaɓi Pinyin (rubuta Sinanci da haruffan boko), sannan ka riƙa kunna shi da Ctrl+Space. Idan ka buga zhongguo a haɗe, zai kawo maka 中国 (ƙasar Sin) kai tsaye. Ka lura da xian, wanda zai iya ba ka 先, alhali birnin 西安 (Xi'an) kake nufi. Sai ka rubuta xi'an.

Idan tagar ta ƙi karɓa, ka tabbatar tsarin yana kan UTF-8, ka saka Noto Sans CJK, salon rubutu (font) mai ɗauke da haruffan Sinanci, ka kuma sanya XMODIFIERS=@im=fcitx a cikin saitunan muhallin tsarin (environment variables). Baƙin allon da ba shi da tagogi kuwa ba ya ɗaukar siffar harafi fiye da 512, saboda haka a nan sai ka nemi fbterm, manhajar da ke iya nuna haruffan Sinanci a irin wannan allon.