Baitalami: gidan gurasa ne ko gidan nama?

Wata mai karatu daga Kafanchan ta aiko da wannan tambaya: "Malam, a coci an koya mana cewa ma'anar Baitalami ita ce gidan gurasa. Wani abokin aikina da ya karanci Larabci ya ce sam, gidan nama ne. Wa ke da gaskiya a cikinmu?"

Malama, babu wanda ya yi kuskure a cikinku. Harshe biyu ne 'yan gida ɗaya suka raba gādo, kowa ya ɗauki nasa kason.

Sunan kalmomi biyu ne a Ibrananci, "bet" da "lehem". Ta farko ba baƙuwa ba ce a kunnen Bahaushe, domin ita ce "baitu" ta Larabci, wato gida, wadda muka aro a Baitulmali da Baitul Muƙaddas, har da baitin waƙa. Kan wannan babu jayayya.

A ta biyun ne gardama take. Ibrananci da Larabci suna gina kalma a kan baƙaƙe uku, a nan kuwa baƙaƙen su ne lam, ha, mim. Bayahude ya ce "lehem" yana nufin gurasa, Balarabe ya ce "lahm" yana nufin nama, shi ya sa mutanen garin, waɗanda Larabci suke ji a yau, suke kiransa Baitu Lahm. Abin da masana da yawa suka tafi a kai shi ne, tun asali kalmar tana nufin abincin da ake dogara da shi, wanda ke riƙe ciki. Manomin tsaunukan Yahuza alkama da sha'ir ne cimarsa, makiyayin hamada kuwa dabbobinsa ne rumbunsa. Kamar dai dattijon da zai tashi da shinkafa malmala guda, amma ya ce bai ci abinci ba tunda ba a ba shi tuwo ba.

Shi kansa Ibranancin bai tsare kalmar a kan gurasa kawai ba. A Farawa 3:19, inda aka gaya wa Adamu da gumin goshinsa zai ci abinci, "lehem" aka ce. A Littafin Firistoci 3:11 kuma, kitsen ragon da aka ƙona a kan bagade shi ma "lehem" aka kira shi. Don haka da ni za a tambaya, gidan abinci zan fassara shi, kowa ya huta.

Marubutan dā ma a ma'anar abinci suka ji sunan. Ki duba yadda Littafin Rut ya fara: yunwa ta faɗa wa ƙasa, sai Elimelek ya kwashi matarsa Na'omi da 'ya'yansa biyu daga Baitalami zuwa Mowab. Mai jin Ibrananci ba sai an yi masa bayani ba, gidan abinci ne ya rasa abinci. Na'omi kuwa ba ta dawo ba sai da ta ji Ubangiji ya ba jama'arsa "lehem", ta kuma iso gari daidai farkon girbin sha'ir.

Akwai wani ra'ayi da za ki ci karo da shi idan kika zurfafa bincike. Wasu masana, cikinsu har da Ba'amurke William Albright, sun ce sunan ya girmi zuwan Isra'ilawa, wai gidan wani gunki ne mai suna Lahmu, wanda aka sani a Mesofotamiya. Ba zancen banza ba ne, don Kan'aniyawa sun saba irin wannan raɗin suna: Bet-shemesh gidan rana, Bet-dagon gidan Dagon, Bet-anat gidan Anat. Babbar hujjar masanan nan tana cikin wasiƙun Amarna, allunan yumɓu da aka gano a Masar a 1887. A ɗaya daga ciki, mai lamba 290, Abdi-Heba sarkin Urushalima yana kai kuka ga Fir'auna, a ƙarni na 14 kafin haihuwar Almasihu, cewa an ƙwace masa wani gari. Sai dai abin da ke rubuce a allon Bit-Ninurta ne. Masu ra'ayin ne suka karanta shi Bit-Lahmi, kuma da yawa ba su yarda da wannan karatu ba. Ni dai ban gamsu ba. Gunkin da ba a tabbatar an taɓa bauta masa a Kan'ana ba, da wuya a ba shi gari sukutum a kan karatun da ake taƙaddama a kansa.

Ban da Littafi Mai Tsarki, shaidar da ta fi ƙwari a kan daɗewar sunan ƙarama ce ƙwarai. A 2012 masu tonon kayan tarihi a Urushalima suka sanar da samun wani ɗan guntun yumɓu mai hatimi, bai fi farcen babban yatsa ba, na ƙarni na 8 ko na 7 kafin Almasihu, ɗauke da sunan garin da tsohon rubutun Ibrananci. Ana kyautata zaton irin wanda ake liƙa wa kayan haraji ne idan za a kai wa sarki.

Game da rubutu, za ki ga Baitalami, za ki ga Baitalahmi. Na biyun ya fi kusa da asali, don ya riƙe harafin ha da na farkon ya haɗiye. Idan kuma kika ga an ce Baitalami ta Yahuza, ko Baitalami Efrata kamar a Mika 5:2, rarrabewa ake yi, domin garuruwa biyu ne masu sunan. Na Dawuda, inda aka haifi Almasihu, yana kimanin kilomita 10 kudu da Urushalima. Ɗayan yana can arewa a rabon kabilar Zabaluna, kusa da Nazarat, an ambace shi a Joshuwa 19:15.