Ga 'yar'uwar da aka ɗora wa lissafin abincin taron zumunci

'Yar'uwa, sannu da ɗawainiya. Kin ce dangi sun damƙa miki lissafin abincin taron zumuncinku, mutum wajen 120, kuma fargabarki ko kuɗi ya gaza ko abinci ya ƙare a idon jama'a. Na sha riƙe wannan aiki a danginmu, bari in faɗa miki abin da na gani.

Ajiye ƙidayar kawuna, ki ƙirga faranti. A ce manya 80 ne, yara 40. Yara biyu faranti ɗaya suke ci, kin ga abincin ranar taro faranti 100 ke nan. To, waɗanda za su zo daga nesa fa? Tun ana gobe taro za su sauka, su ci na dare, su karya da safe, bayan an watse su sake cin na dare, gari ya waye su karya kafin su kama hanya. In su 30 ne, ci huɗu ya ba ki faranti 120, har ya zarce na ranar taron kanta. Ta nan kuɗi ke zurarewa, domin hankalin kowa yana kan babbar tukunya, ba mai tuna shayi da sukari da burodin masu kwana. Ki haɗa da masu girki da masu wanke-wanke da direbobi, su ma baki gare su.

Kin samu adadin faranti, sai awo. Ɗanyar shinkafa gram 100 tana ƙosar da babba, don in ta dahu nauyinta yana kusan ninkawa uku, wato kilo 10 ga faranti 100. Nama kuwa raguwa yake yi a wuta, kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ki lissafa gram 150 na tsoka zalla ga mutum, in da ƙashi a kai shi 250. Shi ne zai cinye kaso mafi girma na kuɗinki, saboda haka a yanka shi daidai wa daida, a ƙirga yankan kafin ya shiga tukunya, a kuma tsayar da mutum biyu masu zubawa. Na ga inda aka bar kowa ya ɗiba da hannunsa: na farkon layi suka tafi da yanka uku-uku, dattawan da suka tsaya gaisawa suka tarar da romo da albasa.

Kada kowa ya ja ki ga yin abinci kala-kala. Kala biyu sun isa. Kowane ƙari da nasa mai, da tasa tukunya, da tasa wuta, kuma mutane sai sun ɗanɗana duka su bar rabi a faranti.

Batun kuɗi kuma, kada ki shigar da alkawari cikin lissafi sai ya zo hannu. Ki sa ranar rufe karɓa mako biyu kafin taro, abin da ya taru a ranar da shi za ki yi aiki. Na fi son a raba gida-gida, mai ƙarfi ya ɗauki fiye, wanda ba shi da hali a ɗauke masa ba tare da an kira sunansa a fili ba. Masu cewa za su kawo kaya maimakon kuɗi su ne suka fi ba ni ciwon kai. Wani zai ce miki "abin sha a wuyana", ranar taro ya iso bayan an fara ci da katan biyu. Ki tambaye shi katan nawa, yaushe zai iso, ki rubuta a gabansa.

Daga abin da ya taru ki ware kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ki ɓoye, kada ki faɗa wa masu cefane. Baƙin da ba a gayyata ba za su zo, gas zai ƙare ana tsakiyar girki. Sannan ki buɗe shafi daban na abin da ba a ci amma ana biya: makamashi, ƙanƙara, faranti da cokula, sabulu, kuɗin motar ɗauko kaya. Ruwan sha in ana zafi lita 2 ga mutum bai yi yawa ba. Busassun kaya ki saye su da wuri a farashin sari, nama da kayan miya sai ana gobe. Ki riƙe littafi, ki sa wani ɗan'uwa ya riƙa sa hannu tare da ke, don bayan taro sai an sami mai tambaya.

Kada tsoron gazawa ya sa ki dafa komai tun da asuba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye haka kawai, sai dai a riƙe shi da zafi sama da digiri 60 ko a sanyaya shi ƙasa da 5. Ki dafa kashi biyu cikin uku na shinkafar tukuna, sauran a wanke a ajiye kusa da wuta. In jama'a sun ƙaru, shinkafa ba ta wuce rabin awa ta nuna. In ba su ƙaru ba, ita za a dafa wa masu kwana da dare.