Ta yaya zan faɗi sirrina a gaban mutanen da ban sani ba?

Tambaya: Likita, na daina shan kodin, an kuma ce in shiga zaman rukuni tare da masu matsala irin tawa. Ni kuwa tsoro nake ji. Likita dai aikinsa ya hana shi tona mini asiri, su fa me zai hana su?

Amsa: 'Yar'uwa, tsoronki yana kan hanya. Ƙa'idar aiki ta ɗaure likita, sauran mahalarta kuwa alkawarin baki kawai suka ɗauka. Jagoran da ya ce miki ko kusa magana ba za ta fita ba, ya faɗi abin da ba shi da iko a kai.

Masana falsafar siyasa sun daɗe suna jayayya a kan wannan. A 1651 Thomas Hobbes na Ingila ya ce alkawarin da babu takobi a bayansa magana ce kawai, sai da mai iko wanda kowa ke shakka ake zama lafiya. Elinor Ostrom, wadda ta ci kyautar Nobel a 2009, ta ga wani abu dabam. Ta bibiyi manoma da masunta da makiyaya a ƙasashe da dama, ta tarar suna kula da ruwa da wurin kiwo ba tare da hukuma ta tsaya a kansu ba, muddin da hannunsu a tsara dokar, suna lura da juna, kuma hukuncin mai saɓawa yana farawa da sauƙi kafin ya yi tsanani. Ni a nan na fi karkata gare ta. Misali, ƙungiyar Alcoholics Anonymous ta masu neman daina shan giya, da aka kafa a Amurka a 1935, shugabanninta hidima suke yi, ba sa mulkar kowa, kuma sunan farko kaɗai ake kira.

Zaman kamar adashi yake, kowa da zubinsa a ciki. Wadda za ta fallasa ki ta san kin ji nata.

Amma amana ba a rana ɗaya take ginuwa ba, kuma babu mai ikon tilasta miki magana. Ki fara da saurare. Ki tambayi jagora me ake yi wa wanda ya fitar da zance, ki duba yadda ake karɓar wadda ta koma sha ta dawo, da tsangwama ne ko da haƙuri. In kika tarar da maƙwabciya ko dangin miji a ciki, ki nemi a canja miki rukuni, haƙƙinki ne.