Sabuwar mota ba lamba: a ɗauka ko a jira?

Wasiƙun da suka taru a wannan karon kusan duk a kan mota suke, kuma yawancinsu daga Jidda da Makka. Na zaɓi huɗu, na ɗan taƙaita su.

Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a wani kamfani a Jidda, iƙamata, wato takardar izinin zama, da lasisina duk lafiya lau. Na yi tari na sayi sabuwar Hyundai Accent a wani ma'arad, wato wurin sayar da motoci, ko ledar kujeru ba a cire ba. Na biya kusan duka, saura kaɗan. Mai ma'arad ya ce istimara, wato takardar rajistar mota, da lamba sai mako mai zuwa, amma in na matsu zai buga min takarda in manna a gilashin baya, wai lambar wucin gadi ce. Mahaifiyata ta zo Umara, ina son in kai ta Madina a motata ranar Alhamis. In karɓa? — Wani ɗan Kano, Jidda

Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri, ya sa a kashe lafiya. Amma kada ka karɓa.

Na san inda zuciyarka take. A gida mun saba ganin mutum ya sayi mota ya yi wata da watanni yana yawo ba lamba, ko da lambar dila, har ma wasu na ɗaukar hakan ado, don a san sabuwa ce. In ɗan sanda ya tare shi sai ya nuna rasit da takardar kwastam, a yi 'yar magana, a rabu. Nan ƙasar ba ta san wannan ba. Mota ba lamba a kan titi laifi ne a rubuce a dokar Murur, wato hukumar kula da zirga-zirgar motoci ta Saudiyya, tararsa ta dubban riyal ce, kuma ana iya tsare motar a kai ta hajaz, inda hukuma ke ajiye motocin da ta kama. Ko lambar gaba kaɗai ce babu, tarar tana tsakanin riyal 1,000 zuwa 2,000. Balle ka fito gaba da baya fayau.

Lambar wucin gadi gaskiya ce, akwai ta a dokar Saudiyya, tana cikin jerin nau'o'in lamba tare da ta motar gida, ta haya, ta jakadanci da ta fitar da mota waje. Sai dai Murur ne ke bayar da ita, da dalilinta da wa'adinta, kuma tana cikin na'urarsu. Takardar da mutum ya buga a firintar shagonsa ya sa hatimin ma'arad ba ita ba ce. Hanyar ganewa ba wuya. Ka ce masa ya nuna maka inda Murur suka fitar da ita, da ranar da za ta ƙare, da sunan wanda aka ba. In ya fara kame-kame yana cewa "ma fi mushkila, kowa haka yake yi", to ka samu amsarka.

Bari in faɗa maka abin da ke faruwa a waɗannan kwanakin da ake ce maka ka jira, don ka san me za ka bibiya. Motar da ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Jidda ko ta Dammam ba ta da wata shaida sai katin kwastam, wanda Larabawa ke kira biɗaƙa jumrukiyya. A jikinsa akwai lambar shasi, haruffa da lambobi 17, da shekarar ƙira da launi. Da wannan katin ake yanka wa motar tamin, wato inshora, tunda ba ta da istimara tukuna. Sai a biya kuɗin hukuma, riyal 100 ne kowace shekara ga motar gida, istimarar kuma ta shekara 3 ce. Daga nan a shigar da motar da sunanka, a fitar da lamba mai haruffa uku da lambobin da ba su wuce huɗu ba, Larabci a sama, boko a ƙasa. Ranar da aka gama za ka buɗe Absher, manhajar gwamnati ta waya, ka ga motar zaune ƙarƙashin sunanka. Kafin wannan ranar, a idon hukuma, kai mutum ne da ya biya kuɗi kawai.

Inda abin ya fi tayar min da hankali ba tara ba ne. Tara ana biya a wuce. Ka ɗauka kana kan hanyar Madina, tafiyar sama da kilomita 400, ga Hajiya a gefenka, wani ya taka birki ba zato ka doki bayansa. Ma'aikacin Najm, kamfanin da ke duba haɗarin mota, zai zo, abu na farko da zai nema shi ne istimara da tamin. In tamin bai fara aiki ba, gyaran motar mutumin daga aljihunka zai fito, in kuma an ji rauni, maganar ta wuce ta gyaran mota. Ko da an yanka tamin ɗin, ka ba kamfanin inshora ƙofar da zai tsaya yana ja da kai, tunda motar ta hau titi ba bisa ƙa'ida ba. Mai ma'arad da ya buga maka takarda ba zai zo wurin ba. Wayarsa ma sai ka yi sa'a ya ɗaga.

Ga abin da zan yi in ni ne. Ragowar kuɗin nan da ka ce saura kaɗan, ka riƙe shi gam har sai motar ta bayyana a Absher ɗinka kuma an ɗaura lamba gaba da baya. Shi ne kawai abin da zai sa a yi maka sauri. Ka koma ma'arad da rana tsaka, ka sa a buɗe ƙofar direba, ka duba 'yar takardar da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofa, ka kuma leƙa ƙasan gilashin gaba ta wajen sitiyari inda aka buga lambar shasi. Ka gwada ta da ta katin kwastam da ta rasit, harafi bayan harafi, da yatsa. Kuskuren harafi ɗaya yana iya mayar da aikin kwana uku ya zama na wata guda. Ka duba rasit ɗin ya nuna harajin kashi 15 daban, da sunanka yadda yake a iƙama, ba yadda ake kiranka a unguwa ba. Sannan ka tabbata babu wata tsohuwar mukhalafa, wato tarar laifin hanya, a kanka da ba ka biya ba, don ita ma tana tsayar da aiki, a yi ta zargin mai ma'arad alhali matsalar daga gare ka take.

In zaman motar a hannunsu ne ba ka yarda da shi ba, kira saɗaha, wato motar ɗaukar mota, ta ɗauko maka ita a bayanta ta sauke a garejin gidanku, ta zauna nan har lamba ta iso.

Hajiya kuwa, ka yanka muku tikitin jirgin ƙasa na Haramain. Daga Jidda zuwa Madina ƙasa da awa biyu ne, ga sanyi, ga wurin miƙe ƙafa. Addu'ar da kake son ta yi wa motar, za ta iya dafa ta a inda take tsaye ta yi.

Malam, abokina motarsa ta yi haɗari tana ajiye a wurin makanike, ya ce in kwance lambarta in ɗaura a sabuwar tawa na kwana biyu kafin tawa ta fito. Launinsu ɗaya, duk farare ne. — Ƙaninka, Makka

Ƙanena, wannan ya fi yawo ba lamba muni. Ɗaura wa mota lambar da ba tata ba yana cikin manyan laifukan Murur, tararsa riyal 5,000 zuwa 10,000, ga tsare mota. Kuma ba launi ake dubawa ba. Kyamarorin kama masu gudu na Sahir da aka fara kafawa tun 2010 da na shingayen bincike irin na Shumaisi a hanyar Makka lamba suke karantawa, na'ura ta fito da ƙirar motar da shasinta. Ka kuma tuna kai baƙo ne mai iƙama, laifin da ɗan ƙasa zai biya tara ya koma gida, kai ba ka san inda naka zai tsaya ba. Abokin naka ma ba gata ya yi wa kansa ba, duk gudun da ka yi wayarsa saƙon zai shiga. Ku bar lambar a inda take.

Malam, barka da aiki. Ni malamar asibiti ce a Riyad, na samu lasisi bara. Zan ɗauki mota ta banki, biya wata-wata. Wata ƙawata ta ce istimarar ba za ta fito da sunana ba. Shi kuma yayan mijina ya ce gara in ba shi kuɗin hannu ya sayo ta hannu a Haraj, kasuwar motocin hannu, da sunansa, ni in riƙa hawa. Wanne ya fi? — Wata 'yar'uwa, Riyad

Hajiya, ƙawarki ta yi gaskiya, amma abin bai kai yadda ya tsorata ki ba. Yawancin motocin banki a nan haya ce da ke ƙarewa da mallaka. Banki ko kamfanin lamuni shi ne mai mota a istimara, ke kuma a rubuta ki a matsayin wadda ke amfani da ita. Tara ke za ta zo wa, in an yi haɗari ke Najm za ta yi magana da ke, in kin gama biya a mayar da ita sunanki. Abin da za ki buɗe ido a kai uku ne: kuɗin ƙarshe, wanda sau da yawa dunƙulalle ne mai nauyi da ake ajiyewa can ƙarshen yarjejeniya, tamin shamil, wato cikakkiyar inshora, wanda dole ne a motar banki kuma yana cikin abin da kike biya, da kuma cewa ba ki da ikon sayar da ita ko fita da ita ƙasar sai da izininsu. Ga mai kwantiragin shekara biyu da ba ta san ko za a sabunta ba, wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne. Ki tara kuɗin wata-wata gaba ɗaya da na farko da na ƙarshe, ki ajiye kusa da farashin kuɗi hannu, ki ga tazarar da idonki kafin ki sa hannu.

Shawarar yayan mijinki rabinta mai kyau ce. Mota ta hannu ba ta da wannan jiran lambar, da lambarta take zuwa, kuma ga wadda hannunta bai gama faɗawa ba a cunkoson Riyad, ƙujewar farko ta fi sauƙin haɗiya a jikin tsohuwa. Rabin da ban yarda da shi ba shi ne sunansa. Tun watan Yunin 2018 mata ke tuƙi a ƙasar nan, kina da iƙama, kina da lasisi, me zai sa kuɗinki ya zauna da sunan wani? Ba na zarginsa da komai. Amma yau in aka yi masa khuruj na ƙarshe, wato bizar barin ƙasar gaba ɗaya, ko iƙamarsa ta mutu, ko ya rasu magada suka taru, takarda za a duba, takarda kuma ta ce tasa ce. Ki faɗa masa cikin ladabi cewa kina son ya raka ki ya duba miki inji, ya yi miki ciniki, shi ya fi ki sani. A ciro rahoton Mojaz a ga tarihin haɗarinta, a tabbata fahas, wato takardar gwajin lafiyar mota, da istimara ba su mutu ba, a yi cinikin ta cikin Absher inda kuɗi ke tsayawa a tsakiya har sai mota ta koma sunanki. Kuɗin hukuma na canjin suna riyal 150 ne ga motar gida, ban da ladan hidima. Ranar da maigida ko shi yayan zai riƙa tuƙa ta, sai ki yi masa tafwid, wato izinin tuƙa ta, ta wayarki, minti biyu ne.

Kada ki bari tamin ya yanke ko na 'yan kwanaki. Tun Oktoban 2023 na'ura ce ke bibiya da kanta duk kwana 15, ba sai an tare ki ba.

Malam, na gama aiki zan koma gida Katsina, ina son in tafi da Camry ɗina. An ce akwai lambar tasdir, wato ta fitar da mota waje. Zan iya ci gaba da hawa da ita kafin jirgi ya tashi? — Dattijo, Madina

Baba, Allah ya sa an gama lafiya. Lambar tasdir ta rakiya ce kawai, daga inda motar take zuwa bakin iyaka ko tashar jirgin ruwa, kuma tana da wa'adi. Kafin a ba ka ita sai ka biya duk tarar da ke kanka, ka miƙa tsohuwar lamba, motar ta fita daga rajistar ƙasar. Saboda haka kada ka yi gaggawar karɓarta. Ka fara gamawa da kamfanin da zai yi lodin, ka san ranar da za su karɓi mota a Jidda, sannan ka je Murur. Wanda ya karɓi lambar tun jirgi bai samu ba, shi ne za ka ga motarsa na shan ƙura a bakin titi, ba ta hawuwa, ba ta sayuwa.

Kafin duk wannan, ka nemi amintaccen mai fiton kaya a Legas ka tura masa lambar shasi, ya faɗa maka abin da kwastam za su nema a Tin Can ko Apapa, don yanzu da lambar shasi suke yanka kuɗin fito. Ka haɗa da kuɗin jirgi, da na tirelar da za ta haura da ita Arewa, da na sabuwar lamba a Katsina. Ga motar da ta kwana biyu, sau da yawa lissafin yana nuna gara a sayar a nan a riƙe riyal, a je gida a sayi wata. In kuwa ka ce wannan ɗin dai kake so saboda ka san cikinta tun tana sabuwa, ba zan ja da kai ba, amma ka ɗauki hoton istimara da takardar tasdir da ta lodi ka tura wa ɗanka a gida tun motar ba ta bar Jidda ba.