Ga ƙanena mai shirin zuwa Kumasi, kan lissafin mol

Ƙanena, saƙonka ya iso, ina taya ka murnar cin bak, jarrabawar gama lise. Ka ce kana son zuwa nan Gana karatun haɗa magunguna, amma lissafin mol ya gagare ka tun a lise, kana tambaya ko a jami'a za a sake koya muku shi daga tushe. Ba za a sake ba. A makon farko malami zai bi ta kansa a gurguje da Turancin Ingilishi, a lokacin kai kana fama da gane ko me yake faɗi. Ka kama abin nan tun kana Maradi.

Malaminmu na shimi, wato ilimin sinadarai, yakan ce mol kamar tiya ce: ba mai ƙirga ƙwayar gero a kasuwa, awo ake yi. Misalin ya taimake ni, amma yana da gurgunta, don tiyar gero da tiyar wake ba adadin ƙwaya ɗaya ke cikinsu ba. Mol ya fi kama da dozin. Dozin ɗin ƙwan zabi da dozin ɗin kankana duk sha biyu ne, nauyi ne ya bambanta. Shi mol adadinsa 6,022 × 10²³, lambar Avogadro, wadda aka tsayar da ita daram a 2019. Nauyin mol ɗaya na kowane sinadari kuma yana rubuce a jadawalin Mendeleyev: H (haidrojin) giram 1, C (kabon) 12, N (azot) 14, O (oksijin) 16.

Ɗauki buhun takin ure irin wanda Baba yake saye in damina ta kama. Ana rubuta shi CO(NH₂)₂. Haɗa nauyin: C 12, O 16, N biyu 28, H huɗu 4, jimla giram 60 a mol ɗaya. Buhun kilo 50 ne, sai ka fara mai da shi giram 50 000, ka raba da 60, ka samu mol 833 da 'yan kai. Dokar ke nan gaba ɗayanta, n = m/M, wato adadin mol (n) shi ne nauyi a giram (m) raba da nauyin mol ɗaya (M).

To ga inda ake zubar da maki. Wannan 833 ɗin na molekil ɗin ure ne. In aka tambaye ka mol na atom, aiki bai ƙare ba, sai ka leƙa cikin molekil ɗin ka ƙirga. N biyu ne a ciki, ke nan mol 1667. H huɗu, mol 3333. In aka ce dukan atom, takwas ne, mol 6667. Haka ruwa: giram 18 mol ɗaya ne na H₂O, amma mol 3 na atom. Iskar oksijin ma O₂ ce, giram 32, kada ka raba da 16 sai an ce atom ake nufi. Karanta tambaya sau biyu kafin bik ya taɓa takarda.

Kuma ka saba da bin sawun amsarka. Mol 1667 sau 14 ya ba da wajen kilo 23 na azot. Je ka duba jikin buhun, za ka ga 46%, wato kason azot da ke ciki, kuma 46 cikin ɗari na kilo 50 kilo 23 ne. Ranar da na lura da haka na daina jin tsoron shimi, wallahi.

Abin da ya kayar da ni a jarrabawata ta farko a nan waƙafi ne. A gida muna rubuta 1,250 mu karanta shi ɗaya da kwata. A tsarin Ingilishi wannan dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin ne, ɗigo suke sa wa ɓangare, 1.25. Na bi hanya daidai, amsa ta kauce sau dubu, ba wanda ya tausaya mini. Sunaye ma kan sauya, azot ɗinmu su naitirojin suke ce masa, amma N na nan yadda ka san shi.

Kafin takardunka su fito, nemi littafin shimi na Ingilishi, ko na 'yan sakandaren Najeriya ne, masu zuwa Katsina za su samo maka. Yi tambaya biyar kullum bayan sallar asuba, kana rubuta giram da mol a gefen kowace lamba. Wadda ta ƙi ka ɗauki hotonta ka turo mini ta WhatsApp. Ka gaishe da su Inna, in za ka taho kuma kada ka manta da kilishina.