Tambaya da Amsa: Wane littafi zan sa a ɗakin karatun 'yan matanmu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Hajiya. Ni malamar Hausa ce a wata sakandaren 'yan mata ta kwana. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta ba mu naira dubu 200 mu sayi littattafan labari, aka ɗora mini zaɓen. Shugabar makaranta ta ce kada in kawo littafin soyayya ko ɗaya, don iyaye za su yi ƙorafi. Ni kuwa na san in an yi hutu, ɗalibanmu a wayoyin yayyensu suke karanta na WhatsApp, waɗansu ma ba su dace da shekarunsu ba. Me zan saya, kuma yaya zan yi amfani da su a aji?
Malama Hadiza, Ƙaura Namoda

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya saka wa tsofaffin ɗaliban nan da alheri. Ba kasafai ake tuna littafin labari ba in an tashi taimaka wa makaranta.

Abin da zan fara roƙonki shi ne kada ki sa littafi a kantar ɗakin karatu sai kin karanta shi da kanki daga farko har ƙarshe. Bangon littafi ba ya faɗin abin da ke ciki, mai shago kuma cinikinsa yake so. Ki shigo Gusau ki sayi kwafi ɗai-ɗai na waɗanda kike sha'awa, ki zauna da su, sannan ki yanke shawara. In kin yanke, gara ki ɗauki littattafai kaɗan ki sayi kowanne da yawa, da ki tara iri-iri kwafi guda. Da kwafi guda ba a karatu a aji. Yarinya ɗaya za ta riƙe shi har zango ya ƙare.

Tsoron shugabarku ba a banza yake ba, kada ki raina shi. Cikin abin da ke yawo a waya akwai batsa tsagwaronta, akwai kuma waɗanda ba su koya wa yarinya komai sai jiran Alhaji mai jerin motoci. Amma in aka ce duk labarin da so ya shiga haramun ne a makaranta, to an kori So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsat Abdulwaheed, wanda kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya buga a 1980, marubuciyar da ta yi zaman shekaru a nan Gusau. An kuma kori Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, labarin yarinyar da aka cire daga makaranta aka aurar da ita ga dattijo, daga baya ta koma ta nemi ilimi. Wannan na biyun na koyar da shi ga 'yan babbar sakandare, kuma ban taɓa ganin littafin da ya sa 'yan mata gardama mai amfani kamarsa ba: wasu na ganin laifin uba, wasu na ganin na al'umma, wasu na kare dattijon. Ni dai ba zan ba 'yan aji ɗaya na ƙaramar sakandare shi ba. Yarinya 'yar shekara 12 da 'yar shekara 17 ba kai ɗaya gare su ba, don haka ki raba kantar littattafan biyu.

In kina karantawa, ki lura da inda labarin ya kai yarinyar da ke cikinsa. Tana tunani, tana zaɓi, tana ɗaukar sakamakon zaɓinta, ko kuwa kyanta kawai ake ta yabo? An shiga ɗakin aure an tsaya ana bayyanawa? In an yi haka, ki ajiye shi ko da rubutun ya yi daɗi. Shugaba kuma kada ki yi musu da ita a ofis. Ki miƙa mata littafin ta tafi da shi gida. Ki roƙe ta a sa iyaye mata biyu daga ƙungiyar iyaye da malamai, da malamar addini, su zauna da ke wajen tantancewa. Uwar da ta karanta littafi ta yarda da shi, ita za ta kare ki ranar da wani ya kawo ƙorafi.

Ga ƙananan, tsofaffin nan har yanzu suna aiki. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da ya fito daga gasar rubuta ƙagaggun labarai ta 1933, yana sa aji dariya har yau. Magana Jari Ce kuwa labaransa gajeru ne, ana gama ɗaya kafin a kaɗa ƙararrawa.

Akwai guda da nake so ki yi hattara da shi, wato Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Littafi ne mai daraja, kuma ya kamata ya kasance a kantarku. Sai dai labarin yaro ne da aka sace aka ƙetare Sahara da shi, mahaifiyarsa ta bi sawunsa ita ma ta faɗa bauta. Mu a lokacinmu tarihi muka ɗauke shi. Ɗalibanki kuwa sun san yadda aka sace 'yan matan makarantar kwana a Jangebe a watan Fabrairu na 2021, kuma da wuya a rasa a ajinki wadda aka taɓa ɗauke mahaifinta ko ƙanenta, ko wadda ƙauyensu ya tashi. Na taɓa karanta shi a aji, wata yarinya daga baya ta tare ni a bakin ƙofa tana tambaya, "Malama, uwatai ta gane shi kuwa?" Idanunta sun nuna mini ba Umar kaɗai take tambaya ba. Saboda haka kada ki miƙa shi a tafi da shi ɗakin kwana haka kawai. Ki faɗa musu tun farko abin da ke ciki, ku karanta tare, wadda ta so ta yi magana ki saurare ta, wadda ta yi shiru ki ƙyale ta. Kuma kada ki taɓa nuna yarinya ki ce ta ba da nata labarin.

Batun aji, ki raba waɗannan littattafan da jarrabawa. Na manhaja sun ishe su wannan nauyin. Ki riƙa karanta musu da murya na minti 10 a ƙarshen darasi, ki tsaya daidai inda labari ya ɗau zafi. Washegari za ki tarar da layi a ƙofar ɗakin karatu. Ki ba ɗaliba mai amana rajistar aro, kabad ya kasance a buɗe, kuma kada a hukunta kowa don bango ya tsufa a hannu. Waɗanda kika ga suna da hannun rubutu, ki sa su rubuta nasu gajerun labaran, ki gaya musu cewa a 2016 BBC Hausa ta fara shirya gasar gajerun labarai ta Hikayata domin mata, wata rana su ma za su iya shiga.

Ki ware kaɗan daga kuɗin ki sayi labaran Turanci masu sauƙi, ki bar wa malamar Turanci zaɓensu bisa sharaɗin ita ma ta karanta tukuna. In kin gama haɗa sunayen littattafan, ki aiko mini ta wannan fili mu duba tare kafin ki biya kuɗi.

Hajiya Rabi, Gusau